Shekarar da Aka Tashi Unguwar Kwari

Abin da ya sa na ce a zo a zauna a rubuta wannan, wata magana ce da na ji bara a gidan suna, nan bayan masallacin Juma'a. Wata mata, wadda ko sa'ar ɗiyata ta tsakiya ba ta kai ba, ta nuna ma ƙawarta ɗaya daga cikin jikokina, ta ce ai waɗannan su ne zuri'ar mai unguwar nan da ya sai da garinsu. Ba ta san ina zaune bayanta ba, kuma ko ta sani ban jin ta gane ni. Na ci abin da zan ci, na yi ma mai jego barka, na taho gida. Amma tun daga ranar maganar ba ta bar ni ba, don na duba na ga duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai. In na tafi da shi a ciki, abin da matar nan ta faɗa shi zai zama labarin ubanku.

Unguwar Kwari ƙauye ne ƙarami a gindin wani dutse, in ka baro Faskari ka yi kudu kamar za ka Sabuwa, sai ka ratse ka bi hanyar ƙafa. Can aka kai ni aure daga wajen Ruwan Godiya. Gidajen ba su da yawa, kowa ya san kukan jakin kowa. Akwai ƙorama da ba ta ƙafewa sai can tsakiyar bazara, ko ta ƙafe in ka tona yashi kaɗan ruwa zai ɓuɓɓugo. Ɗorawa kuwa ta kewaye garin, kuma kowace bishiya da gidan da ke da ita, an san wadda kakan wane ya bari sa'ad da ya sare dajin. Ubanku, wanda ni Malam nake ce mashi, shi ne mai unguwa, ya gaji mahaifinsa yana saurayin magidanci. Gida ɗaya muke da ƙaninsa Sale da matarsa Hajo, da tsohuwarsu Iya. Gandu ɗaya suke nomawa, tukunya ɗaya muke ɗorawa, yau ni gobe Hajo. In gari ya waye muryar Iya ake fara ji tana faɗa da kaji, sannan ta Sale yana yi ma shanun huɗa magana kamar mutane, sannan dariyar Hajo, wadda abu kaɗan ke sa ta dariya har ta dafa bango. Malam shi ba mai yawan magana ba ne. Ina da yayanku babba a lokacin, da wata yarinya Indo, wadda ba ku sani ba, tana cikin tatata.

Wannan gari da kuke ciki yanzu, da kuke ganin sai an hau babur kafin a kai ƙarshensa, a lokacin ba gari ba ne. Marke ne guda ɗaya a bakin hanya, da wata tsohuwa mai fura a gindinsa, shi ya sa ake ce mashi Tashar Marke. Da aka gyara hanyar mota aka zuba mata tsakuwa, leburori suka kafa bukkoki. Daga nan aka buɗe wurin awon kaɗa, wadda ku yanzu kuke ce ma auduga, manoma suka riƙa kawo ta a jakuna har daga wajen Daudawa. Mahauta suka zo, masu tuwo suka zo, mutanen Kudu suka buɗe kanti, 'yan ci-rani daga arewa suka zo ba su koma ba. Cikin 'yan shekaru wurin ya cika da mutanen da ba wanda ya san kakan wani. Da aka zo aka ƙidaya jama'a, hukuma ta ga wurin ya fi ƙarfin a bar shi haka ba mai riƙe da shi, ta yanke shawarar a yi mashi maigari da kasuwa da rijiyar siminti da ɗakin shan magani. A daidai lokacin kuma aka ja iyakar gandun daji, iyakar ta haɗiye ƙauyukan da ke gindin duwatsu, har da namu. Sai aka haɗa maganar biyu ta zama ɗaya: mutanen cikin daji su fito bakin hanya, a bar ma itatuwa daji, shi kuma gari ya ƙara yawa.

Ana cikin yankan dawa aka aiko kiran masu unguwanni gaban hakimi. Malam ya tafi da safe, ya dawo bayan la'asar. Na kai mashi ruwa ya sha, na kawo tuwo bai taɓa ba. Ya daɗe yana kallon rumbunan da muka gama yaɓewa, sannan ya faɗa mani cewa an ce da an gama kaka kowa ya kwashe nasa ya nasa, kafin ruwan fari ba a son a ga hayaƙi a Unguwar Kwari. Wai Di'o, Baturen mulki, da kansa yana wurin, ya shimfiɗa wata takarda mai zane, tafinta yana faɗi, ba a tambayi kowa ra'ayinsa ba. Na ce mashi to kaburbura fa, da ɗorawa, da ƙorama? Ya ce shi ma abin da ya tambaya ke nan, aka ce mashi kaburbura ba mai taɓa su.

Washegari bayan azahar ya tara magidanta a ƙofar masallaci. Mu mata muna jiyowa ta bayan darni. Tsofaffi suka yi ta salati, wasu suka ce a haɗa kai a ƙi, in an ga ba wanda ya motsa hukuma za ta gaji. Sale shi ya fi kowa zafi. Ya ce ubansu ya sare wannan daji da gatarinsa lokacin da kura ke shigowa har tsakar gida, yanzu kuma a ce dajin ya fi su daraja. Malam ya bari kowa ya gama, sannan ya ce zai koma ya roƙa. Kuma ya koma, ba sau ɗaya ba. Ya je wurin hakimi, ya je wurin malamin daji, ya bi wani babba na En'e, wato hukumar gargajiya, har masaukinsa ya zauna a rana yana jira. Duk wannan yawo yana yin shi ne da kurkunu a ƙafa, ƙafar ta kumbura ta yi suntum, sai da sanda yake takawa. Abin da ya samo a ƙarshe guda ɗaya ne: an ce in mutanensa suka taso da wuri, a tare, za a yanka masu fili wuri ɗaya, su zauna unguwa guda kamar yadda suke. In kuwa suka tsaya sai an zo da 'yan doka, kowa inda ya samu nan zai tsuguna.

To ga inda maganar sai da gari ta samo asali, ku saurara da kyau. A zuwansa na ƙarshe ƙafar ta hana shi dawowa. Direban wata motar En'e da za ta kai siminti Tashar Marke ya tausaya mashi ya ɗauko shi, ya sa shi a gaba don kada a bangaje mashi ƙafa a baya. Ranar awon kaɗa ce, mutanenmu da yawa suna bakin hanya. Suka ga mai unguwarsu ya sauko daga gaban motar hukuma. Kafin ya dogara sandarsa ya iso gida labari ya riga shi, kuma ya ƙaru a hanya: an ba shi riga, an yi mashi alkawarin sarautar sabon gari, an ba shi abin da aka ba shi a aljihu. Ni na wanke rigar da ya dawo da ita, ita ce dai wadda ya fita da ita, ba abin da ke aljihun sai ɓarin goro da ya bushe.

Da safe Sale ya same shi a zaure. Ina shara a bakin ƙofar cikin gida, don haka na ji komai. Sale bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Yaya, ka riga ka amsa masu?"

"Na amsa. In muka tafi tare, muna nan a matsayin gari ɗaya. In muka tsaya, za a tashe mu ko muna so ko ba mu so, a watsa mu."

"Da ka bari sun zo sun tashe mu ɗin. Ko ba komai a ce ƙarfi aka fi mu. Yanzu me za a ce?"

Malam ya ce a faɗi duk abin da za a faɗa, shi yara da tsofaffi yake dubawa, ba ya son ya ga ranar da ɗan doka zai ɗaga ma Iya kulki. Sale ya ce shi dai ba zai zauna inda za a auna mashi tsakar gida da igiya ba. Akwai daji can gaba da Damari inda iyakar ba ta kai ba, zai je ya sare kamar yadda ubansu ya yi. Ya tashi ya fita, daga ranar bai ƙara cin abinci a kwano ɗaya da wansa ba.

Gari ya rabu biyu. Kusan rabin gidajen suka bi Sale, sauran suka bi Malam, akasarinsu masu tsofaffi da waɗanda ba su da ƙarfin saran sabon daji. Aka raba hatsin gandu dami-dami. Shanun huɗa guda biyu ne, ba su aiki sai tare, amma aka raba su, kowa ya ja ɗaya. Ni da Hajo muka zauna a madafa muna raba tukwane, ta ɗauki wannan ta miƙo mani, in mayar mata, muka rasa wadda za ta fara cewa tawa ce. Rannan ban ji dariyarta ba. Abin da ya rage shi ne Iya. Kowane ɗa yana jiran ya ji, ba wanda ya iya tambayarta. Ranar da su Sale za su kama hanya, an ɗaure kaya a jakuna, ta fito ta tsaya a tsakar gida ta ce:

"Ni ban zaɓi kowa ba. Ƙafata ce ba ta kai ni Damari. Kada wanda ya ce na bi shi, kada wanda ya ce na ƙi shi."

Sale ya durƙusa ta dafa kansa. Ya yi sallama da ni, ya ɗaga Indo sama ya sauke ta, ya wuce ta gaban wansa da ke tsaye a ƙofar zaure bai dube shi ba.

Mu muka tashi cikin rani. Ba a barin jinka mai kyau, don haka maza suka riƙa cire ta ɗungurungum daga kan ɗaki, su shiga ƙarƙashi su ɗauka a kai. In ka tsaya a kan dutse sai ka ga rufin ɗakuna suna tafiya a jere cikin kara, ƙafafu kawai kake gani. Yara suna bin su da gudu suna murna. Na waiga sau ɗaya na ga ɗakunanmu a buɗe suna kallon sama, ban ƙara waigawa ba. Filin da aka ba mu yana bayan tasha, inda kasuwar hatsi take yanzu. Gaskiya an cika alkawari, wuri ɗaya aka yanka mamu. Sai dai tudun duk waɗanda suka riga mu sun kama, mu gangare muka samu. An kafa fegi a layi, an ce kada wanda ya fitar da katanga ko taki ɗaya. Gidan da muke da shi a da, akuya sai ta gaji kafin ta zagaye shi, a nan kuwa in na yi tari maƙwabciya za ta ce mani sannu. Rijiya ɗaya ce ga dukan garin. Ni da ban taɓa jiran ruwa ba, na koyi tsayuwa da tulu tun hantsi har rana ta take, in ji zagi da harsunan da ban taɓa ji ba. Duba-gari kuma ya riƙa shigowa har cikin gida yana leƙa randa, Iya ta juya mashi baya har ya fita.

Da damina ta sauka ruwan tudu duk ya gangaro kanmu. Katangun da aka yi cikin gaggawa ba su gama bushewa ba, suka riƙa zubewa. Gonakin da aka ba mu a bakin hanya tsofaffin saura ne da suka gaji, ƙuduji ya cinye dawar tun ba ta yi ciki ba. Malam da sa guda ba ya huɗa, sai ya koma fartanya kamar wanda bai taɓa mallakar komai ba. Duk wannan mutane sun daure, suna cewa shekarar farko ce. Sai aka zo naɗin maigari. Aka yi taro, aka yi kiɗa, aka naɗa wani mutumin kirki daga dangin hakimi, ba ni da abin faɗa a kansa. Amma da aka zo raba unguwanni, sai aka raba da layi, ba da asali ba. Wata sabuwar hanya da aka fitar zuwa kasuwa ta ratsa ta tsakiyarmu, gabas aka haɗa su da mahauta, yamma aka haɗa mu da 'yan tasha, aka ba wani mai sayen kaɗa unguwar tamu saboda shi ya iya karatun boko. Malam ya je ya tuna masu alkawari. Aka ce mashi wanda ya yi alkawarin an yi mashi canjin wurin aiki, kuma ai fili aka ce wuri ɗaya, ga shi kuwa an ba su. Ya dawo ya ninke rawanin ubansa ya ba ni, ya ce in sa a ƙasan adaka. Wanda aka ce an saye shi da sarautar gari, ko unguwar da ya gada ba a bar mashi ba. Mutanenmu suka ci gaba da ce mashi Mai unguwa, wasu don girmamawa, wasu kuwa yadda suke jan kalmar ka san ba don haka ba ne.

Da rani ya kewayo zafi ya fara, ƙyanda ta shigo gari. A ƙauye ma mun san ta, takan zo ta kama yaro ɗaya ko biyu, a killace gidan, ta wuce. A nan ba inda za a killace. Yara suna wasa a layi ɗaya, uwaye suna cuɗanya a bakin rijiya ɗaya, kuma yaranmu sun shiga ranin da yunwa a jiki saboda dawar da ba ta yi ba. Ɗakin shan maganin da aka yi alkawari an kai ginin har linta, ba a rufa ba, ba malamin asibiti. Cutar ta fara daga wajen tasha ta bi gida-gida. Akwai ranar da aka fita da gawa daga layinmu da safe, aka dawo aka sake fita kafin azahar. Malam ba jana'izar da bai je ba. Shi ke shiga kabari ya karɓi yaron, don ya ce shi ya kawo su. Yayanku ya kamu ya tashi. Indo ta kamu, ƙurajen suka fito suka koma ciki, numfashinta ya riƙa yin ƙara kamar ana jan zare. Na riƙe ta a cinya ina ɗiga mata ruwa da auduga. Da rana tsaka ta cika, ana ta hayaniyar lodin mota a tasha, ba abin da ya tsaya.

Ranar da aka yi addu'ar ukunta, wata maƙwabciyarmu Tabawa, wadda muka taso tare daga Unguwar Kwari, ta shigo. Ita yara biyu ta rasa cikin mako guda. Na ɗauka gaisuwa ta zo. Ta wuce ni ta tsaya a bakin zaure inda Malam ke zaune da mutane, ta ce da muryar da ba kuka a cikinta:

"Mai unguwa, an ce gari yana son yawan mutane. To ga nawa biyu na ba da. Sun isa, ko a ƙaro?"

Maza suka sunkuyar da kai. Wani ya tashi zai kore ta, Malam ya ce a ƙyale ta. Ya ce mata Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ta juya ta fita. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba, don na san abin da ke cinta, irinsa ke cina. Amma daga ranar Malam ya rage fita sai masallaci da gona.

Iya kuwa tun da muka zo ba ta taɓa cewa an yi daidai ko ba a yi ba. Sana'arta daddawa ce, da ita aka san ta har kasuwar Faskari. Da ɗorawa ta nuna a bazarar nan, kwana kaɗan bayan rasuwar Indo, ta ce in ɗauko kwando da ƙugiya mu je. Na ce mata an hana shiga. Ta ce an hana noma da zama, ba ta ji an ce bishiyar da mijinta ya bar mata ta zama ta wani ba. Ina ganin ta so ne ta fitar da ni daga ɗakin nan da nake zaune ina kallon tabarma. Muka tafi a hankali, tana hutawa a inuwa. Muka tarar ciyawa ta rufe tsakar gidanmu, gara ta ci ƙyauren zaure. Ta je ta tsaya wajen kabarin mijinta ta yi addu'a, sannan muka hau aiki. Mun kusa cika kwando sai ga ma'aikacin gandun daji, yaro ne sa'ar ƙanina, da kakinsa. Bai zage mu ba, har gaishe ta ya yi. Ya ce aikinsa ne, duk abin da ke cikin iyaka na hukuma ne, sai da izini. Ya karɓe ƙugiyar, ya ce mu juye kwandon. Iya ta dube shi ta tambaye shi ɗan wane ne, ya faɗa, ta ce ba ta san su ba. Ta sunkuya da kanta ta juye ɗorawar a gindin bishiyar, ta ɗauki kwandon wofi ta ɗora a ka.

Maganar ta kai gaban maigari, aka kira Malam aka ja mashi kunne a bainar jama'a, cewa shi da ya kamata ya zama abin misali ga shi uwarsa ke karya doka. Ya ba da haƙuri. Iya ba ta ƙara dafa kalwa ba. Ta ba da tukwanen daddawarta, ta koma zama a bakin ɗaki. Ba wata cuta da za a nuna, abinci ne ta rage, magana ta rage, ko kaji ta daina yi ma faɗa. Ruwa na fara sauka ta rasu. Aka aika ma Sale, amma tafiyar ƙafa ce mai nisa, ya iso an riga an rufe ta. Bai shigo gidan ba. Ya zauna a ƙofar masallaci ya karɓi gaisuwa gefe ɗaya, wansa gefe ɗaya. Da zai koma ya zo ta bayan katanga ya kira ni, ya yi mani ta'aziyyar Indo, ya miƙo ƙullin kuka da kuɓewa busassa, ya ce in ji Hajo. Na ce ba zai shigo ya sha ruwa ba? Ya ce rana na yi.

Don kada ku ɗauka waɗanda suka tafi sun huta, su ma ba su huta ba. Dajin da suka sara ya ba su hatsi, gaskiya, amma ba hanya, ba magani, sammore ya kashe masu dabbobi, mata suna mutuwa wajen haihuwa ba a kai ko'ina ba. Mu kuma nan a hankali aka rufa ɗakin maganin, aka ƙara rijiyoyi, aka buɗe makaranta, aka cike gangaren da ƙasa. Ku duk a nan aka haife ku, kun sha allura, kun yi karatu. Na sha auna abin a raina, in ɗora wannan a nan in ɗora wancan a can, ban taɓa samun ya tsaya wuri ɗaya ba. Abin da na sani kawai, ubanku an ba shi zaɓi tsakanin abu biyu marasa daɗi, ya ɗauki wanda yake ganin zai bar mutanensa tare, kuma ba su zauna taren ba.

Ana gab da samun mulkin kai, wata rana da hantsi, wani mutum ya zo daga wajen Damari ya ce Sale ya kwanta ciwo, ya rasu, har an yi bakwai. Ba wanda ya aiko tun yana kwance. Malam ya ɗauki sandarsa da buta ya tafi. Ya yi kwanaki, har na fara aikawa a tambayi masu zuwa kasuwa. Ranar da ya dawo na hango shi daga bakin layi ya rame, yana riƙe da hannun wani yaro da bai wuce shiga makaranta ba, da 'yar jakar fata a rataye. Shi ne Garba, wanda kuka tashi kuna ce ma Yaya Garba, autan Sale. Malam ya ce Hajo ce ta fito da shi har bakin gari, ta ce kafin Sale ya daina magana ya bar wasiyya: a kai yaron nan wurin Yaya, can akwai makaranta. Iyakar abin da Sale ya faɗa ke nan, ba gaisuwa, ba wani saƙo.

Na zuba ma yaron fura, ya sha ya yi barci a kan tabarma da jakarsa a wuya. Malam yana zaune yana kallonsa. Na daɗe ina juya tambayar kafin in yi ta. Na ce, Malam, wannan yafewa ce ya yi, ko kuwa dai ba shi da wanda zai ba?

Ya ce shi ma tun daga Damari abin da yake tambayar kansa ke nan.

Ya riƙe Garba ya fi yadda ya riƙe ku, kun sani, har kuna ƙorafi. Ya sa shi makaranta, ya yi mashi aure, ya ba shi ɗakin da ya fi kowane a gidan. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma har ya koma ga Allah bai samu wanda zai ba shi amsa ba.